Takardar Gwajina a Hannun Yayar Mijina

Shekara huɗu da aurenmu ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai likita ta rubuta min gwajin jini. Ta ce akwai wani sinadari da ake aunawa, shi ke nuna yawan ƙwan haihuwar da ya rage wa mace. Yayar mijina ta ce ita za ta raka ni, kuma a gidansu ba a ce mata a'a. Muka hau adaidaita daga Gyadi-Gyadi zuwa wani ɗakin gwaji a Tarauni.

Ranar karɓar sakamako ma'aikacin ya miƙo ambulan, ta riga ni kai hannu. Kunya ta hana ni karɓa daga hannun babba. Ta farke, ta ga an ja layi a ƙarƙashin wata lamba, ta ɗauka a waya. Kafin mu isa gida hoton ya shiga zauren hirar danginsu na waya, har da rubutu a ƙasa: a taya mu da addu'a, ƙwai ya ƙare.

Matar da ko sunan gwajin ba ta iya faɗa ba! A satin na je taron suna a Daurawa, mata suka riƙa kallon cikina suna girgiza kai. Wata ta tura min gorar jiƙo mai warin kwata, wai yana cika mahaifa da ƙwai, sai ka ce kaza ce ni. Na sha don kada a ce na ƙi magani. Har yau in na tuna, tausayin nan nasu ya fi jiƙon ba ni ƙyama.

Muka koma wajen likita tare da yayar mijina.

"Lambar ta yi ƙasa, gaskiya ne," in ji likita. "Amma yawa take nunawa, ba ta yanke cewa ba za ki haihu ba. Abin da take gaya mana shi ne kada mu ɓata lokaci."

Ta rubuta wata takardar. "Wannan ta maigida ce. Sai an duba maniyyinsa za mu san inda muka dosa."

Yaya ta fizge ta tura a jaka. Muna fita ta rage murya.

"Kada kowa ya ji wannan. Namiji da mutuncinsa, ai tonon silili ne."

Na tsaya cak a bakin titi.

"Yaya, ba ni takardar. In ba haka ba in koma ciki a rubuto wata."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta cillo min. A ɗaka na ba mijina, ƙofa a rufe, ba wanda ya ji. Ya ce to, zai je, bari aiki ya yi sauƙi.

Wata bakwai takardar ta yi a aljihun motarsa, har rana ta cinye rubutun. Ba wanda ya tambaye shi ko sau ɗaya. Ni kaɗai ke ƙirga watannin, don ƙwan da ke raguwa nawa ne.