Shingen da Yaya Ya Yi wa Magani

Yayan mijina manomi ne, wannan kam ban taɓa hana shi ba. Gonarsa ta gero da ke hanyar Dalijan, ko wanda ba ya ƙaunarsa in ya wuce sai ya waiwaya. Abu ɗaya ne ya ɓata shi: ya ɗauka duk abin da Allah Ya halitta da ganye a ƙarƙashin ikonsa yake. In ya shiga gidan mutane, kafin a gama amsa masa sallama ya fara duba bishiyar tsakar gida yana girgiza kai, kamar likitan da aka kira a makare.

Ni kuwa shekara talatin ina auren ƙanensa ban taɓa kallon tsabar idonsa ba. Haka aka rene mu a Gwandu. In ya shigo sai in durƙusa in gaishe shi, in ja mayafi in ba shi wuri. In da magana sai dai in faɗa wa matarsa, facalata, ita ta kai masa. Shi kuma ya ɗauki shirun nan nawa a matsayin na yarda da duk abin da ya faɗa, ni kuma ban taɓa gyara masa ba.

Lokacin da marigayi mijina yake aiki a Kalgo ne ya dawo wata Alhamis da tsiro shida a cikin ledojin ruwa, ya saya wajen masu sayar da fulawa a bakin titi. Ba mu san sunan abin ba, mai zane muke ce masa, domin ganyensa kore ne a tsakiya, gefensa kuma rawaya mai haske ya zagaye shi. Rani da damina ba ya zubar da ganye. Daga shidan nan ya riƙa yanko reshe yana dasawa, har shinge ya tashi daga bakin zaure zuwa madafi, tsayinsa iya ƙugu, ga wasu kuma a tsofaffin bokitan fenti a ƙofar ɗakina.

Icen yana da hali guda. Lokaci-lokaci sai ya fito da reshe kore shar, babu zane ko kaɗan. Wannan koren ya fi mai zanen ƙarfi da saurin girma, in aka ƙyale shi sai ya danne sauran, icen duka ya koma kore. Don haka kowace Juma'a da hantsi mijina yakan ɗauki almakashi ya bi shingen a hankali, yana buɗa rassa da hannu, duk inda ya ga kore zalla ya cire shi tun daga tushe. Ni ina daka ko ina tsince shinkafa, ina jin ƙarar almakashin.

Yaya bai taɓa ganin shingen nan ya yi shiru ba. Tambayarsa ta farko kullum ita ce ko ana cin sa. Ta biyu, me ya hana a shuka zogale a wurin. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa icen yunwa yake ji, don a gonarsa duk geron da ganyensa ya yi rawaya taki yake nema. Sau biyu a gabana mijina ya yi masa bayani cewa haka halittarsa take. Amma Yaya ba ya jin magana in daga bakin ƙane ta fito. Daga baya mijina ya daina wahalar da kansa, sai dai ya yi murmushi ya ce, "To, Yaya."

Da mijina ya rasu aka raba tufafinsa, babur ɗinsa ya tafi, littattafansa aka kai makarantar unguwa. Almakashin ne babu wanda ya kula da shi. Juma'ar farko bayan na fita takaba na ɗauke shi na bi shingen yadda na ga yana yi. Ba na jin kunyar faɗa, shi ne kaɗai abin da ya rage a gidan nan da har yanzu yake neman irin aikin hannunsa, kuma ina son shingen nan fiye da wasu dangin.

Shekara biyu bayan haka 'yata da ke aure a Kalgo ta haihu ta hanyar tiyata, jikin ya ƙi daɗi, dole na tafi jinya. Ƙarshen bazara ne, ruwa bai sauka ba. Na kai wa facalata makulli, na ce ta sa a riƙa ba shingen ruwa safe da yamma, ban da ruwa kada a yi masa komai. Yaya yana zaune a zaure lokacin da na fito. Taku uku ne tsakanina da shi. Da na buɗe baki na faɗa masa da kaina, wataƙila da ya ji nauyi. Sai na durƙusa na yi masa sallama na wuce tasha.

Wata uku na yi. Ranar da na dawo na tarar da shi a ƙofar gidana a kan tabarma, ya sha babbar riga, wai ya ji yau zan iso. Ya miƙe ya shige gabana har tsakar gida, ya nuna da sandarsa.

Shingen ya kai ƙirji. Kore ne shar daga zaure har madafi, ya yi duhu, ya yi kauri, babu zane ko a ganye ɗaya. Na bokitan ma haka.

"Malama, kin gani?" in ji shi. "Yunwa ce ta ka damu nai tun marigayi na da rai. Duk reshen da ya kamu na sare shi, na bar masu lafiya, na zuba musu taki. Dibi yadda ya murmure." Ya gyara tsayuwa ya ƙara da cewa, "Allah Ya jiƙan ƙanena, amma bai san icce ba."

Wato mutumin nan ya bar gonarsa a tsakiyar damina, ya zo ya bi shingen reshe-reshe, ya sare duk abin da ƙanensa ya yi shekara da shekaru yana tsarewa, ya bar abin da yake cirewa. Rassan kuwa, facalata ta faɗa mini daga baya, da suka bushe ta hura wuta da su. Kuma ya tsaya yana jiran godiya. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne ya samu godiyar. Na durƙusa, na ce an gode, Allah Ya saka. Na raina shi a ranar nan iyakar raini, kaina ma ban bar shi ba.

Kwana uku ina bin gindin shingen a durƙushe, ina buɗa rassa ɗaya bayan ɗaya. A rana ta uku, can kusurwa bayan randar ruwa, dab da ƙasa, na ga wani siririn reshe bai fi tsawon tafin hannu ba, da zanensa. Bai tsira don tausayi ba. Yaya dai rabonsa da sunkuyawa sai in sallah zai yi, noman ma yanzu a tsaye yake yin sa da baki.

Ban yarda na bar shi a Gwandu ba, domin yanzu Yaya ya mai da gidana wurin zagaye, yana zuwa duba majinyacinsa. Na yanke reshen na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na hau mota na koma Kalgo. Na raba shi uku na soka a ledoji da yashi da ɗan takin awaki, na ajiye a inuwa. Biyu suka ruɓe. Ɗayan ya yi sati uku kamar busasshen tsinke, sannan ya fito da ganye biyu ƙanana, kowanne da rawayarsa a gefe. Da ya yi jijiya na mai da shi bokiti, na ajiye a barandar 'yata inda rana ke taɓa shi da safe.

Bayan kaka Yaya ya biyo ta Kalgo a kan hanyarsa ta dawowa daga Birnin Kebbi, ya ce ya zo ganin jinjiri. Ina barandar ina tankaɗe. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ko amsa da kyau ba idonsa ya faɗa kan bokitin.

"Ashe ciwon ya biyo ki har nan," ya ce. Ya miƙa hannu, ya sa farce a wuyan tsiron.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga hannuna, da garinsa da komai, ya riƙe wuyan hannunsa. 'Yata tana bakin ƙofa da jinjiri, ta ƙame.

"Yaya, ɗauke hannunka," na ce. "Wanga ba gonarka ba ce."

 Ban sake shi ba sai da yatsunsa suka bar ganyen. A ranar ne na fara kallon idonsa sosai, kuma irin na mijina ne sak, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Bai sha ruwan da aka kawo masa ba ya tafi. Na ji yana faɗa a Gwandu cewa zaman Kalgo ya lalata ni. Koren shingen yana nan, har baƙi yake kai wa su gani. Ni kuma na aika aka kawo mini almakashin, yana rataye a ƙusa a saman bokitin.