Lodin Doya Ai Kowa Ya Iya

Duk wanda ke harkar doya tsakanin Assakio da Lafiya ya san Tavershima, wani gajeren ɗan Tibi mai faɗin kafaɗa, wanda bai cika magana ba. Shekara goma sha bakwai yana yi wa Alhaji Ashafa lodi zuwa Legas, ba a taɓa kuka da kayansa ba. Da ya ɗaga doya ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya san wadda fartanya ta yi wa rauni. Ya jera ta kai da gindi, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a tsakani, ya bar mata hanyar shan iska.

Amma albashi fa? Kayya! Imrana, ɗan ƙanen Alhaji, wanda ya zo bara waccan bai san kan doya da gindinta ba, sau uku ana yi masa ƙari. Da fetur ya tashi, aka ƙara wa sauran 'yan gari. Tavershima da Baballe, mutumin Maraɗi, ko sisi. Baballe ya gaji, ya koma tura baro. Tavershima ya ci gaba da haɗiye abin, har ranar da matarsa Ngumimi ta sayar da akuyarta ta ƙarshe. Sai ya je rumfar Alhaji, ya durƙusa.

"Alhaji, ƙari nake roƙo. Komai ya yi tsada."

Alhaji ko ɗago kai daga waya bai yi ba. "Haba Shima! Lodin doya ai kowa ya iya. In ba ka so, ga hanya."

Direbobin da ke zaune suka kwashe da dariya. Wallahi dariyar nan ta fi maganar ƙona masa rai. Washegari kuma aka ce Imrana ne shugaban masu lodi.

Tavershima bai tafi ba. Jira ya yi, kuma bai ɓoye wa kansa abin da yake jira ba.

Watan takwas sabuwar doya ta fito, cike da ruwa. Alhaji ya zuba jarinsa kaf, tirela biyu. Imrana ya zo yana hura hanci, ya ce a zubar da ciyawar nan, tana cin wuri. Da ya ga hadari ya haɗo, ya ce a lulluɓe kayan da tamfol na leda, a ɗaure tamau. Tavershima ya san sabuwar doya gumi take yi kamar mutum. Ka toshe ta a leda kwana uku cikin zafi, ka dafa ta. Kalma ɗaya ta isa ya ceci kayan.

"To, oga," ya ce.

Shi da hannunsa ya ja igiyar. Tunda yake bai taɓa ɗauri mai kyau irin na ranar ba.

Da aka yaye tamfol a Legas, wani direba ya ce doyar ta ruɓe, sai da masu sauke kaya suka toshe hanci suka watse.

Bayan sati biyu Alhaji ya tako da ƙafarsa har Assakio, ya rame, ya tarar da Tavershima ya bar masa aiki, yana yi wa wata ƙungiyar manoma lodi.

"Tavershima," ya ce. Ashe ya san cikakken sunan! "Ka dawo, don Allah. Zan ninka maka."

Tavershima ya gyara zaman wata doya a kan ciyawa, ya karkaɗe hannu, ya dube shi ido cikin ido.

"Haba Alhaji. Lodin doya ai kowa ya iya."