Hudar da Na Yi wa Piyanon Baba Namata

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Larabar da piyanon Baba Namata ya iso wurinmu ba. Lokacin ina birgadiye, wato shugaban ƙaramin rukunin masu binciken kaya a bakin iyaka, nan wajen Gaya. Bazara ce, irin wadda kwalta ke narkewa ta kama takalmi.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Mota ta ƙetaro gada, mu karɓi takardar kaya, mu gwada abin da aka rubuta da abin da aka ɗauko. Muna da wani dogon ƙarfe mai tsini da muke sokawa cikin buhuna, don mu ji ko an ɓoye wani abu a tsakiyar shinkafa. Ni kuwa an san ni da saurin hannu. Kafin in yi tambaya ƙarfena ya riga ya yi.

Da hantsi wata kamyo, babbar motar kaya, ta tsaya, ɗauke da wani ƙaton akwatin katako a jingine. Takarda ta ce piyano, guda ɗaya. Dukanmu mun san piyano: abin nan mai kama da faifai dogo da makaɗan biki ke ratayowa a hammata, a jona shi da kuran, wato wutar lantarki, a danna maɓalli ya yi ganga, a danna wani ya yi sarewa. Shef ɗinmu, shugaban ofishin, shi ma ya saya wa 'yarsa irinsa. To wane piyano ne zai kai nauyin bijimi? Ban jira mai kaya ya sauko ba. Na hau motar, na sami rata tsakanin katakai, na soka ƙarfe da ƙarfina.

Sai akwatin ya amsa. Wani gunji ne mai zurfi ya taso daga cikinsa, ya daɗe yana yawo kafin ya mutu. Na ji shi har cikin haƙorana.

Wani dattijo siriri ya sauko daga gaban motar. Bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙarfen, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, da ka tambaye ni."

Shi ne Baba Namata, mutumin Tanda. Tun yana saurayi ya gangara bakin teku, ya yi shekaru yana kaɗa piyano a wani otel. Da masu otel suka sayi na kuran, wanda ba ya buƙatar gyaran murya kuma ba ya cin wuri, sai suka sallame shi suka bar masa tsohon. Gida zai kai shi.

Shef ya fito daga biro, wato ofishinsa, ya zagaya akwatin. "Ina wayar da ake jona shi?"

"Ba shi da waya, Shef."

"Batir fa?"

"Babu. Itace ne da tsirkiya da ulu."

"Baba, kada ka maishe mu yara. Abu wanga ba ya kiɗa sai da wuta." Ya juyo gare ni. "Birgadiye, kafin la'asar a farke cikinsa mu ga mi ke ciki."

Farkewa a wurinmu na nufin guduma da ƙarfen ɓamɓare ƙusa. Abin da ya shiga hannunmu haka ba ya komawa yadda yake. Na ga tsohon ya dafa katakon akwatin, kunya ta rufe ni. Na ce, "Shef, ƙa'ida ta ce in kaya na aiki ne, a gwada shi ya yi aikinsa. A bar Baba ya kaɗa shi. In bai yi kiɗa ba, ni da kaina zan fasa."

Shef ya ce ya ji.

Sai da 'yan dako takwas suka taru kafin aka sauke shi ƙarƙashin rumfar kwano, aka kwance katakan akwatin. Baba ya ɗaura masa ƙafafu uku da kansa, aka tayar da shi, ya ɗaga murfin. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, har na hango fuskata a jikinsa. A ciki tsirkiyoyi ne jere ba iyaka, ƙarƙashinsu wani siririn allo fari. A jikin allon nan na ga hudar ƙarfena, da tsaga ta bi ta gefenta kamar tsawon yatsa. Baba ya shafa wurin. Aka kawo masa kujerar biro ya zauna.

Ban san sunan abin da ya kaɗa ba. Ya fara a hankali, kamar yayyafin farko a kan kwano. Direbobi suka kashe injina ɗaya bayan ɗaya. Mata masu tallan kifi suka sauke tire. In ya taɓa da sauƙi abin ya yi raɗa, in ya danna sai ƙasa ta ɗauka, ka ji shi a tafin ƙafa. Na kuran daga lasifika yake fitowa ya same ka a kunne. Wannan kuwa rumfar duka ce ke kiɗan. Ni dai ina tsaye hankalina ya bar wurin. Na gan ni ina yaro a cikin kwalekwalen kawuna, muna ratsa gonakin shinkafa da safe, ruwa na lasar gefen jirgi, ba wanda ke gaggawar zuwa ko'ina.

Amma duk sa'ad da hannunsa na hagu ya gangara ƙasa, sai wani ɗan zuzu ya biyo kiɗan, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ba wanda ya lura. Ni na lura, shi ma ya lura, don a nan yake ɗan runtse ido.

Da ya gama, Shef ya ce a kawo hatimi. Ya buga wa takardar, ya ce ƙasa-ƙasa, "Na 'yata wasa ne ashe."

Na bi Baba gefe na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ana iya gyara shi?"

"Mai gyaran allon nan ya rasu tun bara," in ji shi. "Na kuran in ya lalace, a sake masa wani abu a ciki, ya koma kamar ba a yi ba. Wannan ba ya mantuwa. Na yafe maka, ɗana. Amma za ka zauna a cikinsa."

Tun daga ranar ban ƙara soka ƙarfe a kayan mutum ba sai na tambaye shi abin da ya ɗauko, na kuma saurari amsar har ƙarshe. Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: mun san kaya dubu, sai mu ɗauka mun san na dubu da ɗaya, kuma a kansa muke yin ɓarna.

Bayan na ajiye aiki, wata safiya hanya ta bi da ni Tanda. Na tambayi gidan, aka nuna mini. Ban kai ga sallama ba na jiyo kiɗan ta kan katanga, a hankali, awaki na kwance a inuwa. Na tsaya ina saurare. Hannun hagu ya gangara ƙasa, sai ga zuzun nan, yana nan yadda na bar shi.