Abin da Baba ya gani a bidiyona

"Tsaya, maido shi baya," in ji Baba.

Muna zaure a gidanmu na Cadawa, ina nuna masa bidiyon da na yi sati biyu ina haɗawa don ya yarda in tafi Japan ƙaro karatu. Shekara uku ina koyon aikin jarida na intanet da harshen Japan a jami'a, shi kuwa yana kan bakansa: babur ɗin da mutanen Japan suka ƙera ma ba sai an yi masa yarensu yake tashi ba.

Na sa jiragen ƙasa masu gudun tsiya, na sa dogayen benaye. Duk ya kalla yana sakace.

Inda ya tsayar da ni kuwa, wuri ne da na manta ban yanke ba. Ni ce na cire takalmi a bakin ƙofa, na rusuna wa malamarmu 'yar Japan, na miƙa mata takarda da hannu biyu.

"Wannan ke ce, Hadiza?"

"Ni ce, Baba."

"Ke da kike gaishe ni a tsaye kamar jandarma?"

"Darasi ne, Baba, ana ba da maki."

Sau uku ya sa na maimaita masa wurin. Sannan ya ce, "Ki tafi. Mutanen da suka lanƙwasa wannan wuyan naki sun san abin da ni da uwarki ba mu sani ba."

Yanzu kullum da safe har ƙasa nake durƙusa masa, tunda biza ba ta fito ba tukuna.

Ku fa, wace tarbiyya kuka ƙi a gida, kuka je lakol, wato makarantar boko, kuka koyo ta?