Hammadu Direba da Motar Wanda Bai Dawo Ba

Da sunan Allah, Masanin abin da ya ɓoyu da abin da ya bayyana. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihin maƙwabcinmu ne, Malam Hammadu direba na unguwar Sheshe, wanda manya da yara suke kira Kawu. Allah Ya jiƙansa.

Asalinsa Bafulatani ne. Kakansa ya shigo birni da shanu, mahaifinsa ya sayar da ragowarsu ya zauna dillancin dabbobi. Shi kuwa Hammadu bai gaji ko saniya ɗaya ba, sai sandar kiwo da yake ajiyewa bayan kujerar mota. Shekara talatin ya yi yana tuƙa a-kori-kura guda ɗaya, yana ɗauko gero da man shanu daga kasuwannin hanyar Dambatta. Mutanen unguwa suka sa wa motar suna Gwaggo, saboda tsufanta da yawan tarinta. Gajeren mutum ne mai ƙarancin magana, kuma kullum da safe yakan shafa gaban motar kamar mai shafa goshin saniya.

Gwaggo tana da hali ɗaya: idan ta daɗe a tsaye injin yana aiki, sai ta mutu. A zamanin lafiya wannan abin dariya ne. Amma bayan Juma'ar nan da bama-bamai suka tashi a Kano, aka kafa shingen bincike a kowace babbar hanya, motar da ta tsaya cik a inda bai kamata ba ta zama abin da ake gudu.

Wata Laraba da hantsi ta mutu a layin shinge kusa da Ƙofar Ruwa, taku goma daga buhunan yashi, bayanta lulluɓe da tamfol. Hammadu ya murza makulli sau uku, ba ta amsa ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga motocin gabansa da na bayansa babu kowa, ƙofofi a buɗe, takalmin wata mata guda ɗaya a tsakiyar titi. Hanyar da ba ta rabo da hayaniya ta yi tsit, har yana jin ɗigar ruwa daga injin. Wani soja matashi ya saita shi da bindiga. Hammadu ya fito da hannuwa sama, kalmar shahada a bakinsa. Sai da aka kwance buhunan gero ɗaya bayan ɗaya kafin a sallame shi da la'asar.

Matarsa Nana ta ce masa, "Malam, ka rabu da Gwaggo, kafin wata rana a kawo mini hularka kaɗai."

Ya kai motar wurin bakanikensa, Mailafiya, a kasuwar Ƙofar Ruwa. Mailafiya ya leƙa injin ya ce, "Kawu, wannan ba gyara take nema ba, likkafani take nema. Amma ka taki sa'a. Akwai wata mota a unguwar Kabara, mai dogon baya, lafiyarta ƙalau. In ka sayar da Gwaggo a matsayin ƙarfe ka ɗora kaɗan, ta zama taka."

"Me ya sa take da araha haka?"

"Ku dai Fulani! Ko dabba aka ba ku kyauta sai kun buɗe bakinta kun duba haƙori."

Mai sayarwar shi ne Alhaji Ramadan, ɗan kasuwar turare da yadi, daga zuriyar Larabawan Turabulus da suka daɗe a birni. Hammadu ya nemi abin da ya ga mahaifinsa yana nema a cinikin dabbar hawa, wato a ba shi zaɓin kwana uku, ya gwada, in ta yi masa ya biya, in ba ta yi ba ya mayar. Malamai sun halatta wannan. Ramadan ya amince tun kafin ya rufe baki. Sai dai bai bari an tayar da motar a ƙofar gida ba. Shi da Mailafiya suka turo ta da hannu daga gareji har bakin titi. Hammadu ya lura da haka, amma bai tambaya ba.

Ranar farko ya wuce shinge uku ba ta ko yi tari ba. Ya dawo gida da fara'ar da Nana ta daɗe ba ta gani ba. Da yake gajere ne, tun da ya karɓi motar ya jawo kujerar direba gaba. Da dare ya kulle ta a filin masallaci, ya sa makullin a aljihu. Da safe ya zauna, sai ya ji ƙafarsa ba ta kai birki ba. Kujerar ta koma can baya, daidai zaman dogon mutum. Ya sake jawo ta. Ya shiga sallar azahar ya fito, ta koma.

Da ya kai wa Mailafiya ita, Mailafiya ya yi dariya ya ce, "Ƙarfen ne ya saki." Ya kwanta ya duba ƙarƙashin kujerar, ya girgiza ta da ƙarfinsa, ba ta motsa ba. Ya tashi yana karkaɗe riga.

A wannan rana ta biyu hanya ta biyo da shi ta Kabara. Wani tela da ke bakin shagonsa ya miƙe zumbur, ya ɗaga hannu, fuskarsa ta washe. Da ya ga mai tuƙin, hannun ya tsaya a sama. Gaba kaɗan wani dattijo ya biyo motar da sassarfa yana kiran, "Yahya! Yahya!" Hammadu ya tsaya. Dattijon ya leƙa ta taga, ya dube shi, ya dubi kujerar gefe, sannan ya yi salati.

A bakinsa Hammadu ya ji labarin. Motar ta Yahya ce, ƙanin Ramadan, dogon mutum mai yawan gaisuwa. Wata goma sha huɗu da suka wuce ya hau motar haya zuwa Maiduguri da kayan turare. An sami motar hayar a gefen hanya gaba da Damaturu, kaya a ciki, babu mutum ko ɗaya. Ba a ga gawa ba, ba a kuma ji kira ba.

Hammadu ya same ni a zaure bayan la'asar ya tambayi hukunci. Na gaya masa abin da ke cikin littattafai game da mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san ransa ko mutuwarsa ba: dukiyarsa tana nan a matsayin tasa, ba a gadonta, ba a sayar da ita sai da iznin alƙali. Ramadan kuwa bai je gaban alƙali ba.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, in na mayar da ita, Gwaggo ce za ta kai ni shinge jibi."

Na ce, "Na sani."

Da hantsin rana ta uku ya tuƙa motar har ƙofar gidansu Ramadan. Ramadan ya fito da gudu ba hula, yana yi masa alama ya kashe injin, amma ya makara. Hammadu ya fito ya rufe ƙofa. Sai ga mahaifiyarsu, Hajiya Mabruka, tsohuwa makauniya wadda ta yi shekaru ba ta taka zaure ba, ta fito tana laluben bango.

Ramadan ya ce a hankali, "Ka ga dalilin da ya sa muke tura ta. Ta san kukan injin."

Tsohuwa ta ce, "Yahya?"

Hammadu ya durƙusa. "Hajiya, Hammadu ne, direba daga Sheshe. Na dawo da amanar ɗanki."

Ta ce, "Sannu, Malam Hammadu. Na san ba shi ya tuƙo ba, shi ba ya taka birki haka. To wane ne ya fito ta ɗaya gefen? Ƙofa biyu na ji an rufe."

Hammadu ya gaya mini daga baya cewa bai waiwaya ba, kuma ya lura Ramadan ma bai waiwaya ba.

Ramadan ya ja shi gefe. "Kawu, don girman Allah ka ɗauke ta. Na bar maka kyauta. Muddin tana cikin gidan nan Hajiya ba za ta daina jira ba, ni ma ba zan daina ba."

"Alhaji, ba taka ba ce balle ka ba ni."

Ya sa makullin a tafin tsohuwar, ta damƙe. Ya koma Sheshe a ƙasa.

Da ya gaya wa Nana, ta yi kuka, ta yini ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa ya ɓullo da wata dabara. Ya ga ana sa masu babur su sauka su tura idan sun zo shinge, sai ya ɗora wa kansa wannan doka. Da zarar ya hango buhunan yashi sai ya kashe Gwaggo da kansa, ya yaye tamfol kowa ya ga gero, ya sa kafaɗa a jikin ƙofa yana turawa, hannu ɗaya a kan sitiyari. Masu wucewa sukan sa masa hannu. Sojoji suka saba da shi har suna ɗaga masa shinge tun daga nesa. Haka ya yi, da kaya da rana, har aka kwashe shingayen. Turin ya bar masa ciwon ƙirji wanda bai rabu da shi ba, kuma a cikinsa Allah Ya karɓi ransa, shekara huɗu bayan wannan ciniki da bai faɗa ba.

Hajiya Mabruka ta riga shi da wata bakwai. An sami makullin ɗaure a bakin mayafinta. Na Yahya kuwa har yau babu labari. Motar tana nan a garejin Kabara, tayoyinta sun sace. Ramadan ya zo ta'aziyyar Hammadu, na tambaye shi game da kujerar. Ya ce sau ɗaya ya jawo ta gaba, kuma bai ƙara taɓa ta ba.

Allah Ya gafarta wa Hammadu, Ya bayyana waɗanda suka ɓace, a raye ko a mace. Shi ne Mafi sani.