Ɗorin da Malam Attahiru Ya Musanta

Duk wanda ya taɓa karyewa tsakanin Kucheri da Tsafe ya san hannun Malam Attahiru maɗori, ya kuma san bakinsa. Ni ma na ɗanɗana duka biyun. Shekarar da babur ya kayar da ni a hanyar makarantar da nake koyarwa, yana jan hannuna ina ihu, shi kuwa yana tambayata ko da wannan muryar nake tsorata yara a aji. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, kullum da goro a kunci. Sana'ar gado ce: karan dawa, tsumma, man shanu, da addu'ar da ubansa ya ba shi. Abin tinƙahonsa guda ne, kuma ya faɗe shi har ya gundure mu, wai hannunsa bai taɓa fitar da gurgu ba.

In ka ce masa, "To, Mahadi fa?" sai ya haɗe rai. Mahadi manomi ne a ƙauyensu. Ya faɗo daga kan ɗorawa ya karye a cinya, Malam ya ɗora shi, ya tashi da ɗingishi. Malam ya ce ai Mahadi ne ya kwance ɗorin tun bai yi ƙwari ba, don ɗokin noma. Shekara da shekaru yana faɗin haka a kasuwa. Mahadi mutum ne mai kunya, ba ya musu da babba, sai dai ya yi murmushi ya ja ƙafarsa ya wuce.

A daminar 2019 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen da hantsi, maza na gona. Kowa ya yi ta kansa. Da aka taru a Tsafe aka duba, babu Mahadi. Ba a ga gawa ba, ba a kuma kira kowa a waya don neman kuɗin fansa ba. Ƙauyen ya watse, yawancinsu suka gangaro Gusau, Malam Attahiru ya sami ɗaki a Damba kusa da gidana.

Matar Mahadi, Bara'atu, ita ta fi ba ni tausayi. Shekara biyar ba ita ga aure, ba ita ga zawarci. Danginta sun ce ta je wurin alƙali a warware mata, ta ƙi, ta ce ba ta yi wa mai rai takaba. Duk wanda aka sako daga daji sai ta bi shi har gida da tambaya.

Da aka fara komawa gonakin, garma ta riƙa tono ƙasusuwa. Gwajin asibiti na gane gawa da muke ji a rediyo bai iso mu ba. Sai mutane suka tuna cewa ƙashin da ya taɓa karyewa yana warkewa da ƙulli, kuma mai ɗori ya san ƙullinsa. Haka Malam ya koma ana kiransa wurin matattu. Sau biyu ya gane mutum, aka yi masa sutura da sunansa. Sauran lokuta yakan juya ƙashi ya ajiye, ya ce Allah ne masani, kuma ba mai ja da shi.

Bara, ruwa ya zaftare bakin wani kwazazzabo a bayan ƙauyensu, ƙasusuwan mutum ɗaya suka fito. Ni na ɗauki Malam a babur. Mun tarar mai unguwa Abdu ya sa an jera su a kan buhu, mutane sun kewaye. Babu riga, babu takalmi, gara ta gama da komai. Bara'atu na tsaye can gefe, kamar yadda take zuwa duk inda aka ce an tono wani.

Malam ya durƙusa ya ɗauki ƙashin cinya. Ina kusa da shi, na ga yana bin ƙullin da ke jikinsa da babban yatsa. Bakin karayar biyu ba su haɗu ba, ɗaya ya hau kan ɗaya suka manne a haka. Mu dai ƙulli kawai muke gani. Da a ce ya ajiye ya ce bai sani ba, da magana ta ƙare, sunansa na nan yadda yake, Bara'atu kuma ta koma jira.

Mai unguwa ya ce, "Malam, mi kag gani?"

Ya mayar da ƙashin kan buhun. Sannan ya ce, "Wanga Mahadi na."

"Ka tabbata? Magana ta takaba ba a yi mata kila."

"Na tabbata. Ni niɗ ɗora shi. Ban ja ƙafar ta kai ba, ina gaggawa, wani Alhaji ya aiko min mota daga Gusau. Mahadi bai kwance ɗori ba. Ƙarya niy yi mai."

Wallahi a lokacin na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi ba.

Bara'atu ta matso ta durƙusa a gaban buhun. Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafinta ta rufe ƙasusuwan, ta ce, "Baba, Allah shi saka da alheri da kaf faɗi." Sai ta ɗago ta dube shi. "Abu guda nika son in sani. Da ƙafar ta zauna daidai, da ya tsira?"

Mai unguwa ya yi sauri ya ce kwana ne ya ƙare, kowa da ranarsa. Bara'atu ba ta ko waiwaye shi ba, idonta na kan tsohon.

Malam Attahiru ya ce, "Ɗiyata, su bakwai sunka sheƙa daga gonar nan. Shida sun kai Tsafe."