Hamadu Kapiten da Jirginsa na Duwala

A duk 'ya'yan Alhaji Sulaimanu mai fata na unguwar Hausare, Kaltumi ce kaɗai ta san ruwa. Shekara talatin tana sarin kifi a Lagdo, ta yi bandarsa, ta kawo kasuwar Garwa. Ta shiga kwalekwale da ciki, ta shiga da goyo, sau biyu yana kifewa da ita tana fitowa. Amma ba ita ake ce wa Kapiten ba. Ƙanenta Hamadu ake ce wa, mai gyaran agogo a bakin babbar kasuwa, wanda ko wanka a kogi bai taɓa yi ba.

Ciwon ya kama shi tun yana ɗan shekara bakwai. A zamanin, in damina ta yi tsakiya Binuwai ta cika, manyan jiragen dako sukan hauro daga Najeriya su tsaya a tashar Garwa, su sauke gishiri da siminti, su ɗauki auduga da gyaɗa. Wata rana mahaifinsu ya kai fatu tashar ya tafi da yaron, wani matuƙi mai farar hula ya ɗaga shi ya ɗora a kan jirgi, ya bar shi ya ja igiyar ƙaho. Shi ke nan. Daga baya aka gina madatsar Lagdo, ruwa ya ja baya, yashi ya cinye tashar, jirage suka daina zuwa. Kowa ya nemi wata sana'ar. Hamadu ne kawai labarin bai kai masa ba.

Da ya girma ya samo farar hular matuƙa a gwanjo, da ita yake zama a teburin agogonsa, da ita yake zuwa biki. Ya ce a riƙa kiransa Kapiten, mutane kuwa suka amsa da murna, domin a kasuwar Garwa kapiten sunan kifin nan giwan ruwa ne. Kaltumi takan ce, "Ni kapiten guda na sani, shi ma da gishiri nake shafe shi in ɗora a kan wuta."

Ba shi kaɗai ba ne mai wannan ciwon. Kowace la'asar yakan rufe tebur ya tafi gindin wata darbejiya kusa da gada, inda abokansa biyu 'yan boko, waɗanda ake ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, suke jiransa: Mushe Fulbert, wanda ya taɓa buga hatimi a ofishin tashar jiragen kafin a rufe, da Mushe Édouard, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai taswirar teku a aljihu. Hirarsu ɗaya ce, ba ta canzawa. In Kaltumi ta sauko daga motar Lagdo da kwandunanta takan ji su.

"Da a ce yau Allah ya jefo mini kuɗi masu nauyi," in ji Fulbert, "ni jirgi mai bene biyu zan saya, in sa a kwashe yashin nan daga nan har Yola."

"Bene biyu na 'yan kasuwa ne," in ji Édouard. "Ni mai tafiya da iska nake so, fari fat, in zauna a baya ina karatu."

Hamadu yakan gyara hula ya ce, "Ku dai ku yi ta magana. Ranar da nawa zai taso, duk Garwa sai ta hau gadar nan."

A gabansu masu haƙar yashi suna tura kwalekwale da gora, gumi yana zuba, ba wanda ya taɓa cewa a ɗan ɗauke shi ya ji yadda abin yake. Kwalekwale, a wurinsu, ba jirgi ba ne.

Kaltumi ta ɗauka hira ce irin ta marasa aiki, wadda ba ta cutar kowa. Sai ga shi Allah ya jarrabi gidansu da abin da ba ta zata ba. Mahaifinsu ya bar wani tsohon fili a bakin titin Marwa inda ake shanya fatu da can, wani attajiri ya zo ya saye don ya gina gidan mai, ya biya kuɗin da babu wanda ya taɓa riƙe irinsu a zuriyarsu. Aka raba gado, Hamadu ya tashi da kason namiji.

Washegari da hantsi ta same shi a gida. Matarsa Aisatu tana tsakar gida tana jera kwanoni a inda rufi yake yoyo.

"Hamadu, me ka yanke?"

"Adda, ke ma kin sani."

"Ban sani ba. Na san dai rufinka yana zuba, kuma 'yarka ta ci jarrabawa ba ta da inda za ta."

"Duk wannan jirgi zai yi shi. Fasinja daga nan zuwa Yola, Turawa masu kallon dorina, 'yan biki. Ke dai ba ki da hangen nesa, Adda, kifi kawai kika sani."

"Kifi a ruwa yake," in ji ta. "Kai me ka sani a ruwa?"

Ya shiga ɗaki yana neman takalmi.

Fulbert ne ya ji labarin wani Bature a Duwala da zai bar ƙasar yana sayar da jirginsa na shan iska a teku. Su uku suka tafi, a jirgin ƙasa, a ɗakin kwana, duk a aljihun Hamadu. Suka yi mako biyu suna cin kaji suna "duba kaya". Aka ɗoro jirgin a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan aka sa shi a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ya shigo Garwa a watan Maris, lokacin da Binuwai ta zama fili, yara suna buga ƙwallo a tsakiyarta, mai keke yana tsallakawa bai sauka ba.

Gaskiya jirgin yana da kyau. Fari ne, da ɗaki a ciki, da kujerun fata, har da ɗan wurin wanka. Aka girke shi a kan gungume a bakin gaɓa. Wata biyar Hamadu yana wanke shi kowace safiya da ruwan da yake saye a wurin 'yan garuwa, abokansa suna zaune a inuwarsa suna shan shayi. Édouard ya sa aka rubuta masa suna da Faransanci, wai Gimbiyar Binuwai. Aka ɗinka wa su uku fararen kaya masu maɓallin zinariya.

Kaltumi ta kawo wani tsohon masunci da take sayen kifi a hannunsa, ta ce ya duba. Tsohon ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa, inda wani dogon ƙarfe ya sauko kamar wuƙa.

"Wannan na ruwa mai zurfi ne," in ji shi. "Binuwai ko ta cika, hanyarta yau daban gobe daban, yashi tafiya yake yi. Ku kai shi tafkin Lagdo, can zai yi iyo."

Hamadu ya dubi tsohon daga sama har ƙasa. "A Lagdo wa zai gan shi?"

Kaltumi ta ja mayafinta ta tafi. A hanya ta gaya wa tsohon cewa yau ta gane ba ruwa ƙanenta yake so ba, 'yan kallo yake so.

'Yan kallo kuwa ya samu. Ranar wata Lahadi cikin Agusta, kogi ya cika ya yi ja, aka yanka rago, makaɗa suka zo, gada ta cika har motoci suka kasa wucewa. Ƙarti suka tura jirgin cikin ruwa. Hamadu ya riƙe sitiyari, Édouard yana tsaye kusa da shi da littafin jirgin yana fassara masa, Fulbert kuma yana can gaba da sanda yana nuna hanyar da ya ce manyan jirage suna bi lokacin yana saurayi. Inji ya tashi da ruri mai daɗi. Mata suka yi guɗa. Kaltumi tana bakin gaɓa, ta riga ta yi magana da masu haƙar yashi huɗu ta ce kada su yi nisa.

Jirgin ya yi tafiyar da ba ta fi daga masallaci zuwa kasuwa ba. Sai aka ji wani gurnani daga ƙasa, jirgin ya tsaya cak, Fulbert ya kife da fuska, sandarsa ta bi ruwa. Hamadu ya ƙara wuta. Farfela ta tono yashi ta cusa wa inji, inji ya yi tari uku ya yi baƙin hayaƙi ya mutu. Gimbiya ta karkata gefe guda a hankali, ta kwanta. Makaɗa ba su gane ba, suka ci gaba da kiɗa.

Kamar wannan bai isa ba, wata dorina ta ɗago kai can gefe ta yi huci. Édouard ya jefar da littafi ya haye rufin jirgi yana addu'a irin ta Kirista, yana kiran sunan Maryamu. Kaltumi ta ɗaga wa masu yashi hannu. Suka isa da kwalekwalensu, suka sauko da Fulbert da Édouard. Hamadu ya ce shi ba zai sauka ba, kapiten ne ƙarshen barin jirgi. Ashe ƙafafunsa ne suka ƙi motsi. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari suka ɗauko shi kamar buhu, suka kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen yashi, ya yi ta amai har gaɓa. Gada kuwa ta ɗauki dariya, irin wadda ake ji har Hausare.

Ya kwanta kwana huɗu. Ran na biyar Kaltumi ta wuce ta gindin darbejiya, ta ji abokan nasa.

"Laifinsa ne," in ji Fulbert. "Na nuna masa dama ya bi hagu. Da ni ne na samu kuɗin nan, mai bene biyu zan saya, ƙasansa a shafe."

"Ni tun a Duwala raina bai kwanta ba," in ji Édouard, yana sanye da farin wandon da Hamadu ya ɗinka masa.

Da ruwa ya janye aka kawo tarakta ta jawo jirgin gaɓa, aka ɗaure shi a jikin wani gawo. Abin da ya rage a hannun Hamadu ya tafi wurin makanikai, kowa ya buɗe injin ya ɗauki abin da ya yi masa ya rufe. Kujerun fata suka yi ƙafa. Masu wanki suka mayar da ƙarafan gefensa wurin shanya. Hamadu ya koma teburin agogo, ya tarar kowa yanzu a waya yake duba lokaci. Rufin gidansa Kaltumi ce ta gyara, ita ta kai 'yarsa makarantar ungozoma, ba ta kuma taɓa fasa gaya masa hakan ba duk ranar da ta kawo musu kifi. Shi kuwa yakan ce, "Adda, jirgin nan bai mutu ba, hutawa yake."

Shekara tara yana hutawa. Sai shekarar babbar ambaliya, da ruwa ya shanye gonaki da unguwannin bakin kogi. Wata safiya ruwan ya tumɓuke gawon da saiwarsa, ya ɗaga jirgin, ya yi yamma da su duka. Mutane suna ta kwashe tabarmi da awaki, sai ga Hamadu da furfurarsa yana gudu a kan tudu yana ihu, "Ku duba! Ku duba yadda take tafiya!" Tana kuwa tafiya, da baya, tana juyi, ba kowa a ciki.

Bayan mako uku wani direba ya kawo labari cewa an gan shi a wani ƙauye kusa da iyakar Najeriya. Hamadu ya matsa sai ya je. Kaltumi ta bi shi, don ta san in ya tafi shi kaɗai sai an yi abin kunya. Suka tarar da jirgin zaune daram a tsakiyar gonar dawa, nesa da kogi. Ruwa ya rushe rumbunan ƙauyen, sai suka zuba ɗan hatsin da suka tsira da shi a ɗakin jirgin, wata tsohuwa da jikokinta suna kwana a saman. Kaltumi ta tsaya tana kallo. A ranta ta ce yau dai abin nan ya yi wa wani amfani.

Jauro, mai garin, ya fito a tsorace, yana zaton an zo karɓe musu rumbu. Hamadu ya ce ya bar musu, ya faɗa da murya mai ƙarfi don kowa ya ji, ko da yake babu kamiyon da zai iya shiga wannan taɓon ya ɗauko shi. Abu ɗaya ya roƙa: a rubuta masa takarda da hatimi, cewa jirginsa ya taso daga Garwa ya iso nan lafiya a yini ɗaya. Jauro ya ce wannan mai sauƙi ne, ya aika aka kira Madam Béatrice, malamar lakwal. Hamadu ya haye jirgi yana murza sitiyari yana nuna wa yara yadda ake yi. Kaltumi ce ta tsaya a wurin, ta ji abin da Jauro ya faɗa da Fulatanci malama tana rubutawa da Faransanci: jirgin wannan bawan Allah ya faɗo gonar Hassan ya kashe masa dawa, Hassan ya yafe, mai jirgi kuma ba zai dawo ya ce nasa ba ne.

Hamadu ya karɓi takardar da hannu biyu. Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, hatimin kawai ya duba, ya ga ya fito sosai. Da suka dawo Garwa ya cire gilashin wani tsohon agogon bango ya sa ta a ciki, ya rataye a kan teburinsa. Ya kira Édouard ya ce ya karanta wa jama'a. Édouard ya sa tabarau, ya karanta a zuci, ya dubi Kaltumi da ke tsaye a gefe, ita ma ta dube shi. Ya yi gyaran murya.

"Rubutun malamar nan yana da kyau," in ji shi. "Ba kuskure ko ɗaya."

"To kin ji, Adda," in ji Hamadu.

"Na ji," in ji Kaltumi, ta ɗauki kwandonta ta shiga kasuwa.